Dambun Magani

Kafin rana ta hau duwatsun Birni
na ɗaure kai, na wanke hannu har gwiwa,
na rufe baki da hanci,
na tsaya gaban ma'auni kamar mai jiran hukunci.

Gari ne, fari fat, ɗaci kamar maɗaci.
Ka yi atishawa, rabinsa ya bi iska.
Ka bar shi a kwalba, ya dunƙule don fushi.
Ka gauraya shi da wani, ka girgiza,
mai nauyi ya nutse, marar nauyi ya hau kai:
cokalin fari magani, na ƙarshe sitati zalla.
Shi ya sa ba a sallamar gari haka nan,
sai an koya masa zama da jama'a.

Na auna, na sake aunawa.
Malam Kiyari da ya koya mini a Yamai
yakan ce ma'auni bai san "kusan" ba.

Sai ruwan ƙaro, ɗigo bayan ɗigo.
Nan kam ba wanda ya koya mini.
'Yar Damagaram ce ni,
na tashi ina jiran mai garuwa tun asuba,
na san kuɗin kowane ɗigo.

Na cuɗa, na damƙa a tafi.
In ya kama jikinsa ya tsaya,
kuma yatsa ɗaya ya rushe shi,
to ya yi.
Na ɗora a rariyar ƙarfe, na murza,
suna zuba ƙasa shaa,
ba su kai gero ba, sun fi yashi.
Na shanya a faranti, na sa a tanda,
wuta kaɗan, haƙuri da yawa.
Na sake tankaɗewa:
wanda ya yi ƙato a fasa shi,
wanda ya koma ƙura ya koma layi.
Sauran na ƙulla, ƙunshi-ƙunshi,
na liƙe baki don kada laimar damina ta leƙa.

Ran Laraba hankalina ya tafi gida,
hannu ya zarce, ruwa ya yi yawa.
Abin da ya fito daga tanda
tsakuwa ce, ko kaza sai ta yi tunani.
Na rubuta a littafi: an zubar.
Na sa hannu, kunya ta sa nata.

Ran Alhamis, ranar kasuwar Dole,
Inna Tsahara ta biyo da tallan dambu a ka,
da jikanta Ilu a baya, jiki zafi.
Ƙwaya ba ta wuce masa maƙogwaro,
sau uku ana ba shi, sau uku yana tofarwa.
Na duba takardar likita, na miƙa ƙunshi shida:
ɗaya a rabin kofin ruwa, safe da dare,
ki motsa har ya narke, ya shanye duka.

Ba ta tafi ba.
Ta yage ɗaya, ta zuba a tafi,
ta kai kusa da ido, ta murza da babban yatsa.
"Wa ya yi wannan?"
Na ce ni.
"Shekara uku a Yamai," in ji ta,
"ashe dambu kika je koyo.
Da kin tambaye ni, da kuɗin mota sun huta."

Na buɗe baki zan kawo miligiram,
zan kawo zafin tanda da lambar rariya.
Ta riga ta juye a kofi tana motsawa.
Ilu ya sha, ya yamutsa fuska, ya haɗiye.
Bai tofar ba.

Ta gyara goyo, ta ɗau kwanonta.
Daga bakin ƙofa ta waiwayo:
"Hannunki ya faɗa. Amma ki rage gaggawa,
akwai biyu a ciki da suka fi 'yan'uwansu."